Filaya Mai Haƙora

Karo na biyu ke nan da aka jawo motar da igiya aka dire ta a ƙofar garejin Mai Waya, kuma karo na biyu ke nan da mai motar ta fito ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa. Shirun nan shi ya fi damunsa. Da wani direba ne can, da tuni ya cika layin da hayaniya, shi kuwa ya san yadda ake lallaɓa direba. To wannan 'yarsa ce ta cikinsa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Sauran mutane Nas suke ce mata, don aikinta ke nan: tana bin gidajen marasa lafiyar da ba sa iya fitowa, ta wanke ciwo, ta yi allura, ta auna jini. Motar nan ita ce ƙafarta.

"Ina ta tsaya miki wannan karon?" in ji shi.

"Bayan gada, Baba. Ɗan rami kawai na faɗa, sai ta ɗauke wuta ɗif. Awa biyu ina zaune ga ruwan sama, ga tsohuwar da zan canza wa bandeji tana can tana jirana."

Mai Waya ya ɗaga bonet, ba don yana neman wani abu ba, sai don ya samu inda zai ajiye idonsa. Ya san tarihin ciwon motar sarai. Mako uku da suka wuce wani ɓera marar mutunci ya kwana a cikin injin, ya bi wayoyi goma sha ɗaya ya gwaigwiye su daidai bakin soket ɗin da ke shiga ƙwaƙwalwar mota, wato ɗan akwatin ƙarfen nan da ke gaya wa inji lokacin shan mai da lokacin ba da wuta. Shi da kansa ya yanke inda ya lalace, ya sa wa kowace waya sabon fil, ya mayar da su gurbinsu. Aikin da ya yi ya fi sau dubu, ko ido rufe.

Nas ta tsaya tana juya makulli a yatsa. Can ta ce, tana kallon ƙasa, "Baban yara ya ce wai ko a kai ta babban garejin nan mai kwamfuta."

Ai kuwa maganar ta soke shi. Shekara arba'in yana gyaran wayar mota a wannan layi, tun motoci ba su da wata ƙwaƙwalwa sai ta direba, kuma abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne: aikinsa ba ya dawowa. Yanzu a ce motar 'yarsa za a ɗaure da igiya a wuce da ita ta gaban mai faci da mai fenti da mai walda, kowa yana kallo? In 'yar cikinsa ta daina yarda da hannunsa, wa zai yarda? Sai dai ya ja ƙofa ya rufe, ya koma gida ya zauna yana fira da kaji.

"Ki ba ni zuwa gobe da yamma, Uwata. In ban gano ba, ni da kaina zan ɗaura igiyar."

Ta ce to. Ta ajiye masa makullin a kan teburin aiki, ta rataya jakar magungunanta, ta tafi neman abin hawa.

Da ya zama shi kaɗai, sai ya jawo ɗan bencinsa, ya zare soket ɗin, ya dinga fito da fil ɗin ɗaya bayan ɗaya da siririyar allurar da ya tanada don haka. Shi fil ɗin nan ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, amma yana da kunnuwa huɗu. Biyu na gaba su ke rungume jan ƙarfen wayar bayan an feɗe ta, biyu na baya kuma su riƙe ɗan robar da ke hana ruwa shiga. Ba a like shi da dalma, don dalma tana bin waya ta sandarar da ita, girgizar inji ta zo ta karya. Matsewa ake yi, kuma matsewar ita ce aikin gaba ɗaya. In ta yi, waya da fil sun zama abu guda. In ba ta yi ba, mota za ta tashi lafiya lau a gareji, sai ta faɗa rami ta mutu.

Fil na farko ya ja, yana nan daram. Na biyu ma haka. Na uku da ya ɗan ja, sai waya ta zaro sumul kamar an zare zare daga allura. Kafin ya kai na goma sha ɗaya, uku sun zaro.

Ya yi tsaki ya ce fil ɗin zamani ne, ba su da nagarta. Ya ɗauko sabo, ya feɗe guntuwar waya, ya ɗauko filayarsa mai tsinin baki, wadda shi ya goge bakinta da magagari tun yana saurayi har ta zama yadda yake so. Ya lanƙwasa kunne ɗaya, ya ɗora ɗayan a kai, ya matse har hannunsa ya ce masa ya isa. A ido ba shi da makusa. Ya ja. Ta zaro.

Sai a lokacin idonsa ya kai kan galan ɗin.

Wani tsohon galan ne mai cin lita huɗu, yana rataye a kusurwa, gizo-gizo ya yi masa gida a hannu. An ɗaura masa igiya, a ƙarshen igiyar kuma akwai ɗan maƙalin ƙarfe mai cizon fil. Da can Mai Waya ba ya sallamar aiki sai ya cika galan ɗin da ruwa ya rataya a jikin fil, ya ƙirga goma. Wanda ya riƙe ya shiga mota, wanda ya saki a sake shi. Nas tana ƙarama, in ta taso makaranta, ita ce mai cika galan, ita ce mai ƙirga goma da ƙarfi har mai faci ya riƙa taya ta. Daga baya shekaru suka tura, galan bai ƙara faɗuwa ba, sai Mai Waya ya ga ɓata lokaci ne. Ya ce hannunsa ya riga ya haddace nauyin lita huɗu. Rabonsa da sauke shi ya fi shekara goma sha biyar.

Ya sauke shi, ya kakkaɓe, ya cika a famfo. Ya matse fil biyar a jere, bakin ƙarfinsa, ya rataya. Biyu suka riƙe. Uku suka saki, galan ya dinga faɗuwa tim, ruwa yana fallatsa masa a ƙafa.

Ya zauna ya shimfiɗa hannun damansa a gwiwa yana kallonsa kamar baƙo. Gaskiyar magana, hannun ya daɗe yana yi masa magana, shi ne ya ƙi saurara. Wata nawa ke nan da ya koma ɗaukar kofin shayi da hagu? Makullin ƙofar gareji fa, da yanzu sai ya haɗa da hannu biyu yake murɗawa, yana zagin tsatsa? Babu ciwo, babu rawa, ƙarfin ne kawai ya zurare a hankali. Abin da ya fi muni, hannun bai san ya rage ba. Yana matsewa ya ji ya kai inda yake kaiwa da, alhali ko kusa bai je ba. Tsoro ya kama Mai Waya sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya tuna Uwata a bayan gada cikin ruwa, ya ji kunya kamar ya nutse.

Washegari da hantsi ya zuba fil a aljihu, ya yanki guntayen waya sirara da masu ɗan kauri irin na motar, ya ɗauki galan, ya nufi shagon Matar Yaya.

Matar babban wansa ce marigayi, ita ta ci gaba da riƙe shagon kayan aiki bayan rasuwarsa. Ta ba saba'in baya, amma ta san kowane noti da kowace sifana a shagon nan fiye da yadda ta san jikokinta. Tsakaninta da Mai Waya kuwa tsokana ce tun ranar da aka kawo ta gidansu amarya, yana ɗan yaro mai majina, kamar yadda ba ta gajiya da tuna masa.

Tana hango shi ta ɗaga gilashinta sama. "A'a! Yau ƙanen miji ne da galan? Ruwa ka koma sayarwa?"

"Ke dai Matar Yaya bakinki ba ya hutu. Filaya nake so, ta matse fil."

"Ikon Allah! Ina taka mai tsarki, wadda ba a taɓawa?"

"Bakinta ya cinye," ya ce, yana kallon kwalayen da ke bayanta.

Ta dube shi ta saman gilashi. Ta shiga ciki ta fito da filaya huɗu ta jera a kan kanta.

Ta farko mai ɗigo uku ce a baki, ja da shuɗi da rawaya. Ko ɗaukarta bai so yi ba. "Wannan ai ta fil mai rigar roba ce, na hon da fitila. Kina so ki kashe ni?" Amma don ya nuna mata, ya sa fil ya matse. Ya fito a baje kamar gwangwanin da mota ta taka, kunnuwan sun watse kowanne ya kama gabansa. Ta yi dariya ta ce da ma gwada shi take yi, ko tsufa ya fara taɓa masa kai.

Ta biyun ce ta shiga ransa tun kafin ya taɓa ta. Baƙa ce siririya, marar nauyi, an sassaƙa mata gurabe biyar a baki, kowane da lambar kaurin waya a gefensa. In ka ɗaga ta a haske, za ka ga rufin kowane gurbi yana da ɗan tudu a tsakiya, wanda shi ke kama kunnuwan fil ya nannaɗe su ciki su nutse a cikin jan ƙarfe. Ba ta da wani tarkace, ƙarfe biyu ne da ƙusa. Inda hannu ya tsaya nan take tsayawa.

"Yauwa," in ji Mai Waya. "Ga filayar masu sana'a. Wannan tana jin maganar hannu."

Ya zaɓi gurbin da ya dace, ya zaunar da fil, ya zura waya, ya matse. Kai, abin ya yi kyau! Kunnuwan sun lanƙwasa sun haɗu a tsakiya da ɗan tsagi kamar ƙwayar alkama. Matar Yaya ta cika masa galan a randar bayan shago, ya naɗe wayar a ƙusar da ke jikin ƙofa, ya maƙala. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Tim!

"Gurbin ne ya yi yawa," ya ce da sauri. Ya koma na ƙasa da shi, wanda ya san sarai ya yi wa wayar kaɗan. Fil ya ƙi zama daidai, ya karkace, ya gutsure silin waya biyu. Ya jefar, ya dawo gurbin farko, ya cije leɓe ya matse har jijiyar wuyansa ta tashi. Wannan karon galan ya kai shida kafin ya faɗi.

"Kawo nan in gani," in ji Matar Yaya.

Ta karɓa da hannunta mai tamoji, ta sa fil yadda ta ga ya yi, ta matse sau ɗaya ba tare da ko nishi ba, ta miƙa masa. Ya rataya. Suka tsaya su biyu suna kallon galan yana lilo a hankali. Goma ta wuce, ashirin ta wuce. Ko gezau.

Shagon ya yi tsit, sai ƙarar guduma daga can wajen masu walda. Mai Waya ya sunkuyar da kai. Yana jiran tsokana, don in da a ce jiya ne, wannan abin sai ta yi shekara tana ba da labarinsa a gidan suna da gidan biki. Amma ba ta yi ba. Ta ciro gilashinta tana gogewa da gefen mayafi.

"Ka ga wannan?" ta ce. "Shekara uku ina miƙa wa mutane sifana sha uku in sun ce sha biyu. In sun dawo in ce kamfani ne ya ƙanƙanta rubutu. Har faɗa na yi da wani bawan Allah a kan haka, ina da gaskiyata wai. Ranar da na sa gilashi na ga lambobi ɓaro-ɓaro, sai da na yi kwana biyu ina jin kunyar mutumin."

Ta mayar da gilashin, ta tura masa sauran filaya biyun da ɗan yatsa.

Ya san su. Masu haƙora ne, masu dogon hannu. A tsakanin hannayen akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar zarto, wanda in ka fara matsewa zai riƙa kamawa ƙas, ƙas, kuma ba zai bar baki ya buɗe ba sai an kai ƙarshe. Shekara da shekaru Mai Waya yana yi wa irinsu dariya. Filayar marasa hannu yake ce musu. A nan shagon, a kan wannan kanta, ya taɓa gaya wa Yaya cewa duk ranar da aka gan shi da ita, a zo a taya shi rufe gareji. Ya tabbata Matar Yaya tana tune da maganar, don ba ta mantuwa.

Ya ɗauki ɗaya daga cikinsu, mai jan hannu. Ya sa fil, ya zura waya da ɗan robarta, ya fara matsewa da hannun dama kaɗai. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Nan hannunsa ya ce masa an gama, kamar yadda ya saba gaya masa. Ya saki.

Filaya ta ƙi buɗewa.

Ta tsaya cak da fil a bakinta, ba gaba ba baya. Ya juya ta ya dubi ɗan ƙarfen, ya ga saura haƙora biyu ba a taka ba. Ya daɗe yana kallon haƙoran nan biyu. Watanni yana zargin tsatsa da fil ɗin zamani da ɓera, ga shi yau an auna masa abin da ya ɓace, har ana iya ƙirgawa.

"Nan nake tsayawa ke nan," ya ce a hankali, ba da ita yake ba.

Sai ya ɗora hannun hagu a kan na dama, ya haɗa ƙarfi. Ƙas. Ƙas. Baki ya buɗe da kansa, fil ya faɗo a tafin hannunsa. Aka rataya galan, ya riƙe har Matar Yaya ta gaji da ƙirga.

"To alhamdu lillahi, a naɗe maka ita?"

"Tsaya tukuna." Ya kai fil ɗin bakin ƙofa inda haske yake, ya juya shi. Kunnuwan gaba sun yi yadda ake so. Amma na baya, maimakon su zagaye ɗan robar su riƙe shi a hankali, sun nannaɗe ciki sun huda shi. "Kin gani? Ta ciji roba. Wannan wata uku ruwa zai shiga, fil ya yi kore, mota ta fara shure-shure. An yi ta ne don fil marar roba, na cikin ɗaki, ba na wajen inji ba."

Matar Yaya ta karɓa ta kai kusa da gilashi, ta juya ta juya. "Wallahi ni ban ga komai ba."

"Ai ba za ki gani ba. Sa farce ki ji."

Ta sa farce ta ji hudar, ta gyaɗa kai. "Lallai. To ashe da sauranka, ƙanen miji. Na ɗauka har idon ya bi hannun."

Ya ji daɗin maganar fiye da yadda ya nuna. Ya ɗauki ta ƙarshe, mai shuɗin hannu, ya ɗaga ta a haske. Gurbin gaba yana da tudun nan mai nannaɗe kunne, na baya kuwa zagaye yake sumul, daidai kaurin roba. Har da wani ɗan maƙali a gefe da ke riƙe fil ya zauna a miƙe, ba sai an tallafe shi da yatsa ba. Ya gwada sau ɗaya, ya gwada sau biyu, sai da ya yi shida, da siririyar waya da mai ɗan kauri, kowanne da hannu biyu, kowanne da galan. Duk suka riƙe, roba kuma lafiya lau ba ƙwarzane.

"Wannan," ya ce.

Tana naɗe masa ita a takarda ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Uwar taka Nas ta sani?"

"Yau za ta sani."

"Gara dai. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa, ka san bakina."

Da ya koma gareji bai tsaya kan fil ukun da suka zaro ba. Duka goma sha ɗayan ya yanke, har waɗanda suka riƙe, don ya daina yarda da duk abin da hannun nan ya matse shi kaɗai. Ya yi aikin a tsanake. Ya feɗe kowace waya daidai tsawon kunne, ya zura roba, ya zaunar da fil, ya haɗa hannu biyu, ya saurari ƙas biyar. Mai faci ya leƙo neman aron sifana, ya ga filayar, ya buɗe baki zai yi magana. Mai Waya ya ce masa, "E, ita ce. Sifanar tana kan tebur." Mutumin ya ɗauka ya fita sumui-sumui.

Amma bai mayar da fil ɗin cikin soket ba. Ya bar su a jere suna reto a gefen inji, ya zauna yana jira.

Rana ta yi sanyi sai ga Nas, da jakarta a kafaɗa, da gajiya a fuska. Ta gaishe shi, ta leƙa inji ta ga wayoyi a waje, sai jikinta ya yi sanyi. "Ba a gama ba ke nan, Baba?"

"Saura aikinki. Ga galan can, cika mini."

Ta juya ta gan shi a bakin famfo, an wanke shi tas. Ta yi dariyar mamaki. "Kai, Baba! Wannan yana nan da ransa?"

Ta cika ta kawo. Ya naɗe waya ta farko a jikin ƙarfen da ya gitta a kan inji, ita kuma ta maƙala, hannunta bai manta ba. Ta ƙirga goma, a hankali yanzu, ba irin ihun da ba. Suka koma ta biyu. Suna kan ta huɗu ya fara magana, idonsa a kan galan.

"Ba ɓera ba ne ya tsayar da ke a bayan gada, Uwata. Ba fil ba ne kuma. Ni ne. Hannun nan ya daina matsewa, ban sani ba, ko kuma in ce na ƙi sani. Na sa ki a hanya da aikin da ban gwada ba. Ki yafe mini."

Ta ci gaba da ƙirga har ta kai goma. Ta sauke galan ta ajiye, ta goge hannu a jikin rigarta, ta miƙo masa yatsunta biyu na kowane hannu.

"Kama, Baba. Matse duka biyun, iya ƙarfinka."

Ya kama ya matse. Ta ɗan rufe ido tana saurare, yadda shi yake sauraron inji. Ta sa ya ɗaga hannayen sama, ta sa ya taɓa babban yatsa da ƙaramin, ta danna tudun naman da ke gindin babban yatsan dama, wanda ya faɗa ba kamar na hagu ba.

"Tun watan da ka koma shan shayi da hagu nake kallonka," ta ce. "Sau uku ina shirya maganar a hanya, in na zo na ga fuskarka sai in kasa. Batun babban gareji ma ba baban yara ba ne ya kawo shi. Ni ce. Na rasa yadda zan ce maka hannunka ne."

Mai Waya ya dubi hannunsa. Ashe duk ɓoyon da yake yi, kansa kaɗai yake ɓoye wa.

"Sau da yawa irin wannan jijiya ce ta danne, kuma ana dubawa," ta ci gaba, ta koma muryar aikinta. "Ban ce na sani ba, sai likita ya gani. Amma gobe da safe za mu je."

"Gobe ina da motar mai burodi."

"Mai burodi zai jira."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna sauran wayoyin da haɓa. "To saura bakwai."

Ta ɗauki galan. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya har ta goma sha ɗaya, babu wadda ta saki. Ya mayar da kowane fil gurbinsa yana jin ɗan ƙarar shigarsa, ya naɗe wayoyin da tef, ya danna soket a jikin ƙwaƙwalwa. Ta shiga ta murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Ya kama damin wayoyin ya girgiza shi da ƙarfi, ya ja hagu ya ja dama, inji bai ko yi tari ba.

Ya rufe bonet, ya tsaya a gefen taga yana goge hannu da tsumma. "In kina so a kai ta mai kwamfutar su ƙara dubawa, ba zan ji haushi ba. Da gaske nake."

Nas ta dubi galan ɗin da ke ajiye a ƙasa, ta dubi filaya mai shuɗin hannu a kan tebur, kusa da tsohuwar mai tsinin baki.

"Ƙarfe bakwai zan zo ɗaukarka," ta ce. "A wannan motar. Ta bayan gada za mu bi, kuma ramin nan zan faɗa da gangan."

Ta ja mota ta tafi. Mai Waya ya bi ta da kallo har ta sha kwana, yana sauraron injin. Sannan ya koma ciki ya ɗauki galan. Har ya nufi kusurwar da ya saba rataye shi, sai ya fasa, ya buga sabuwar ƙusa a jikin teburin aiki, daidai inda hannunsa ke kaiwa, ya rataye shi a nan da ruwansa a ciki.